Zulaikha da Ledar Asala

Akwai wata yarinya a Roni, sunanta Zulaikha. Irin yaran nan ne da ba sa iya zama wuri ɗaya. Tana cin tuwo tana kaɗa ƙafa, ana mata magana ta riga ta kai ƙofa. Amma fa akwai kai, wannan ko maƙiyinta ya sani.

Shi ya sa da aka zo gasar kacici-kacici ta makarantun 'yan mata a Kazaure, ita aka zaɓa ta wakilci makarantarsu. Ƙawarta Halimatu Sadiya kuma aka ce ta bi su a matsayin 'yar ko-ta-kwana.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Zulaikha. 'Yan Babura za su zo, 'yan Gwiwa za su zo, har da 'yan Kazaure da ake cewa ba a taɓa kayar da su ba. Ta yi ta bita har idonta ya yi ja, amma zuciyarta na ce mata bai isa ba.

Ana cikin haka Kawunta Daudu ya dawo daga kudu. Direban babbar mota ne, shanu yake kaiwa. Ya zo da tsaraba a baƙar leda, wasu 'ya'yan itace masu baƙin ɓawo, girmansu kamar goro. In ka fasa sai ka ga cikin fari, ɗanɗanonsa kamar dafaffiyar gyaɗa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Asala ke nan, wasu su ce wolnot. A dafe take. Biyu ko uku ake ci, kuma ba ta son ajiya. Ku rarraba ku cinye yau."

Zulaikha ta fizgi wayar Ummanta ta bincika. Ta ga an rubuta tana da mai mai amfani ga zuciya, tana riƙe ciki, tana taimakon ƙwaƙwalwa. Tana ganin ƙwaƙwalwa ta ajiye wayar. Akwai sauran rubutu a ƙasa, amma wa ke da lokacinsa?

Ta ba ƙannenta ɗaya-ɗaya, ta tura sauran can ƙarƙashin akwatinta, cikin wannan zafin. Ta ce sai ranar gasa.

Da yamma Sadiya ta zo bita, ta ga ɓawon a tsakar gida.

"Ke Zulai, me kuka samu ba ku sammana ba?"

"Maganin ƙwaƙwalwa ne. Ke da za ki je zaman benci, me za ki yi da shi?"

Sadiya ta yi 'yar dariya. "To Allah ya ba mu sa'a dai." Ta buɗe littafi suka ci gaba, kamar ba a faɗa mata komai ba.

Kwanaki suka wuce, ranar ta zo. Ummanta ta dama koko, Zulaikha ta ce ba ta sha. Ta shige ɗaki ta zazzage ledar. Wasu sun fara yauƙi, wasu na ɗan wari. Ta goge da gefen hijabi ta hau ci. Ta ci, ta ci, ta ci, har ledar ta koma fayau.

"Zulaikha, me kike ta ƙwanƙwasa a ɗakin nan?"

"Ba komai Umma, na tafi!"

A mota an matse su baya, ita da Sadiya da malamarsu, Malama Zubaida. Ba su yi nisa da Roni ba cikinta ya ce ƙululu. Ta gyara zama. Ya sake. Ta ce a ranta ai aikin ne ya fara.

Suka isa zauren gasar. Cike yake, ga lasifika, ga alƙalai a jere. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Sadiya ta lura, ta miƙo mata gorar ruwanta.

Kurɓa ɗaya Zulaikha ta yi ta furzar. Ɗaci! Kamar an jiƙa maɗaci a ciki. Daidai lokacin kuma cikinta ya murɗa, murɗawar da ta sa ta dafe bango.

Ta juyo ta zare wa Sadiya ido.

"Me kika zuba min?"

"Ni? Ruwan randarmu ne fa."

"Ƙarya kike! Don ki hau kujerata ko? Wallahi na gano ki, 'yar baƙin ciki!"

Mutane suka fara waigowa. Idon Sadiya ya ciko da ƙwalla. Malama Zubaida ta karɓi gorar ta sha, ta sake sha.

"Ruwa lafiyarsa ƙalau. Zulaikha, me kika ci da safe?"

Zulaikha ta kau da kai.

"Da ke nake."

"Asala ce, Malama."

"Asala? Ai a kudu na yi bautar ƙasa, na san ta. Duk wanda ya ci ta ya kora da ruwa sai ya ji ɗaci, halinta ne. Guda nawa kika ci?"

"Leda ɗaya."

"Leda! Yaushe aka dafa ta?"

 Cikin Zulaikha ya sake juyawa, ta kwasa da gudu tana tambayar ina banɗaki.

Tana can ta ji an kira sunan makarantarsu a lasifika. Ta yunƙura za ta fito, ciki ya ce ina! Aka sake kira. Sai ta ji muryar Malama tana cewa Halimatu Sadiya ce za ta zauna.

Abin da ya fi ciwon cikin zafi shi ne lasifikar nan har banɗaki take kaiwa. Aka yi tambayar farko, ta san ta. Ta biyu, ta san ta. Ta uku ma jiya-jiyan nan ta yi bitarta. Tana tsugune tana faɗa wa bango amsa tun kafin mai tambaya ya rufe baki, hawaye na zuba. Ashe duk abin yana kanta tun can, ba ta buƙatar ko ƙwaya ɗaya.

Sadiya ta yi iya yinta. Ta faɗi wasu, ta ci da yawa, makarantarsu ta zo ta biyu.

Da Zulaikha ta fito, wa za ta gani a ƙofa? Sadiya, riƙe da ruwan gishiri da sukari da Malama ta aika aka sayo a kemis.

"Ungo, sha a hankali. In kin ji ɗaci ba ni ba ce."

Zulaikha ta rufe fuska da hijabi. "Sadiya, don Allah ki yafe min."

"Ke dalla sha, ana jiran mu a hoto. Na ce ba za a ɗauka ba sai da ke, ai tare muka yi bitar."

A hanyar komawa Zulaikha ta faɗa wa Malama abin da ta gani a waya, Malama ta miƙa mata tata wayar ta ce ta karanta musu sauran rubutun da ta tsallake. Ta karanta da ƙaramar murya. In aka ci da yawa tana kumbura ciki, tana sa gudawa. Dafaffiya ba ta jure ajiya. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da danginta ya yi hattara, tana iya sa masa ƙaiƙayi ko kumburi. Amfaninta kuma a hankali yake zuwa, kamar na kowane abinci, ba ranar jarrabawa ba.

Da suka iso gida Kawu Daudu na zaune a ƙofa.

"'Yar gidan Kawu, ina kofin?"

"Kawu, ledarka ce ta cinye shi."

Darasi: Abu mai amfani ma in ya wuce kima cuta yake zama. In kin fara karanta amfanin abu, daure ki kai ƙarshe ki ga illarsa. Kuma kada ki yi saurin zargin wadda ta miƙo miki ruwa, wataƙila ɗacin daga bakinki yake. Ku tura wa duk wata mai gaggawa irin Zulaikha, kafin ta buɗe tata ledar.