Rijiyar da Jatau Ya Bar wa Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari da ruwa ya yi wuya, an yi wani saurayi mai haƙar rijiya, sunansa Jatau. In ya ɗanɗana ƙasa a harshe, sai ya gaya maka gaba nawa za a haƙa a tarar da ruwa.

Dagaci ya ce a haƙa wa gari rijiya, ya damƙa aikin a hannun wani gizo-gizo mai tsaron ƙofarsa. Jatau ya zo da dagi da igiya. Gizo-gizo ya tambaye shi ɗan wane ne. Da ya ji ɗan Delu mai ƙosai ne, sai ya ce ya dawo gobe, shi kuwa gizo-gizo ya ba ƙanensa aikin. Aka haƙa, sai ƙura. Jatau ya dawo, aka ba surukin gizo-gizo. Ƙura. Ya sake dawowa, aka ba abokin surukin. Nan ma ƙura.

Jatau ya zauna gindin tsamiya, ransa a ɓace. Ga shamuwa a sama tana shirin tafiya. Ya tambaye ta ko ƙin garin take yi, da take barinsa kowace shekara.

Ta ce, "Ina sonsa mana, a nan aka ƙyanƙyashe ni. Amma in tafki ya ƙafe, me zan ci?"

Ya je ya gaya wa uwarsa zai ƙetare kogi, ya tafi ƙasar da ake neman masu irin aikinsa. Delu ta sa masa albarka.

Ya ce, "Amma Inna, ba zan tafi in bar ki kina yawo da tulu ba."

Kwana tara yana haƙa a bayan ɗakinta, shi kaɗai, har tafin hannunsa ya farfashe. Ran na goma ruwa ya ɓulɓulo, garau, mai sanyi. Ya jawo gugan farko ya ba ta ta sha, ya roƙe ta kada ta hana kowa, ko da gizo-gizo ne. Ya saɓa daginsa ya kama hanya.

Gari ya yi ta tururuwa gidan Delu. Dagaci ma ya zo ya sha, ya tambayi wanda ya haƙa.

Delu ta ce, "Wanda aka kora daga ƙofarka sau uku ne, ranka ya daɗe."

Dagaci ya kori gizo-gizo, ya tura manzo a guje ya dawo da Jatau. Manzo ya tarar kwalekwalen da Jatau ya shiga ya riga ya kai tsakiyar kogi.

To jikokina, yawancin masu tafiya ba ƙin gida suke yi ba, wurin yin aikin da suka iya ne aka hana su. Garin da ke tambayar ɗan wane ne kafin ya tambayi me ya iya, gwanayensa zai rasa.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare nan.