Ɗumamen Sallau da Azumin Likita

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani ƙauye, tun zamanin da injin ɗaukar hoton cikin mutum yake sabon zuwa. Sunansa Sallau, sana'arsa haƙar rijiya. Bai yi boko ba, karatun allon ma bai yi nisa ba. Amma Sallau ba ya ƙarya. Ku riƙe wannan da kyau, ba ya ƙarya.

Sai Allah ya jarrabe shi da ciwon kwiɓi. Ciwo ya taso daga baya ya gangaro mara, ya durƙusar da ƙato kamar mai naƙuda. Fitsari ya koma ɗigo-ɗigo, wata rana har da jini. Da saiwa da sassaƙe suka gaza, ya hau motar kasuwa sai asibitin birni.

Likita ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Baba, ina zaton tsakuwa ce a ƙodarka. Sai an yi hoto."

Sallau ya ce, "Tsakuwa? Likita, haƙa ta nake yi, ban taɓa haɗiye ta ba. Hoton kuma na mene ne? Ai ba fuskar ke ciwo ba."

Likita ya yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci, wai za a yi masa wata allura, ruwanta ya bi hanyar fitsari, inji ya haska. Sallau yana ta gyaɗa kai, amma ko ɗaya bai shiga ba. Daga ƙarshe likita ya ce, "Ranar Alhamis da safe ka zo, kuma ka zo da azumi."

Yauwa! Wannan kam Sallau ya gane. Ya ce a ransa, ashe likitan nan mai addini ne, ga shi ma Alhamis ya zaɓa. Ya sauka wurin wani ɗan garinsu. Ranar Alhamis da asuba ya ɗaura niyya, ya yi sahur yadda Annabi ya koyar, ya narki ɗumame da miyar kuka, ya kora da fura.

Ku saurara. Injin nan ɗaya ne tak a duk ƙasar, wanda layinsa ya wuce kuwa sai wani watan. Ga ciwo yana cin Sallau, ko zama a benci da ƙyar yake yi.

Mai ɗaukar hoto, wani Malam Iliya, ya fito yana bin layi yana tambaya. "Baba, kana azumi?"

"Ina azumi, ɗana."

Iliya ya wuce. Kusa da Sallau akwai wani dillalin shanu, Mati, wanda ya saba da asibiti. Sai Mati ya yi hamma ya ce, "Kai, yunwa! Tun magaribar jiya rabona da loma."

Sallau ya ce, "Ayya, ka makara sahur ke nan?"

Mati ya zaro ido. "Wane sahur? Malam, ba dai ka ci abinci ba?"

"Ana azumi ba sahur?"

"Azuminsu daban ne! Ciki wayam suke so."

Kan Sallau ya ɗaure. Azumi kala nawa ne a birnin nan? Mati ya matso ya rage murya, ya ce, "To ka yi gum. Ya tambaye ka kana azumi, ka ce kana azumi. Ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. In ka buɗe baki, sai wani watan, da wannan ciwon naka."

Jama'a, maganar Mati gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Gaskiya ce! Shi ya sa ta fi haɗari. Sallau bai san abin da ɗumame ya tsare wa inji ba. Abin da ya sani ɗaya ne: abin da Iliya ya ji ba shi ne abin da ke cikinsa ba.

Aka kira sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a kwiɓi, ga gadon hoto yana kallo, ya ce, "Ɗana, azumin da na ce maka, na Allah ne. Na yi sahur."

Iliya ya dafe kai. "Me ka ci, Baba?"

"Ɗumame. Da ɗan fura."

Benci ya kwashe da dariya. Iliya ya ce, "Ba za a yi ba yau. Ka je ka yi ta shan ruwa."

Sallau ya ce, "Ruwa kuma? Ai ina azumi."

Haka ya fita, bai gane komai ba, yana share ƙwalla da bakin riga. Wallahi duk sanda na tuna fitarsa sai tausayi ya kama ni. Ya koma ƙauye ya yi wata guda yana murƙususu.

Da ya dawo da ciki wayam aka yi hoto. Iliya ya ɗaga shi a haske, ya nuna masa wani farin ɗigo kamar ƙwayar wake, ya toshe hanyar da ta sauko daga ƙoda zuwa mafitsara. Ya ce, "Baba, da ran nan ka yi shiru, abin da ke hanjinka zai iya rufe wannan. Sai mu ce ba mu ga komai ba, ka koma gida, ƙodar ta yi ta kumbura har ta mutu." Aka yi masa aiki, aka ciro tsakuwar, ya warke.

To ku ji darasin. Gaskiya ba ita ce kalmar da ta fita daga bakinka ba kawai, ita ce abin da ka bari ɗan'uwanka ya fahimta. Kai da aka tambaye ka lafiyar akuyar da kake sayarwa, ka ce tana cin abinci. Ke da aka tambaye ki halin ɗanki za a ba shi mata, kika ce ai yana salla. Ba ku yi ƙarya ba, ko? Akwai ranar da za a haska cikinmu, ba da inji ba, kuma ranar ba a cewa ka dawo wani watan. Allah ya sa a tarar da abin da muka faɗa.