Ladanin da Ya Manta 'Ya'yansa

Ku gyara zama, yau sai kun yi musu.

Shekara arba'in Baba Kallamu yana ladanci a garinsu, ko agogo bai kai shi cika lokaci ba. Wata Laraba da la'asar sakaliya, sai aka ji ya kwarara kiran sallar asuba, har da tashin masu barci. Mata suka saki taɓarya, 'yan kasuwa suka yi cirko-cirko.

Dangi suka ce hauka ne, a kai shi gidan mari a ɗaure. Babban ɗansa Barau, mahauci, ya tare ƙofar zaure, ya dubi kawunsu da ke gaban dangi ya ce, "Kawu, sai dai ku bi ta kaina." Kwana uku bai je mayanka ba, har masu sarƙa suka gaji suka watse.

Autansu Mati, direban mota, shi ne bai yarda da zancen iska ba. Ya ɗauki tsohon, asibiti uku suna dawowa da su, a na huɗu ya samo likitar ƙwaƙwalwa. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta masu gadi da shara. Nasa sun fusata, suna cinye hanyoyin tunanin da aka ba su tsaro. Salati kawai Mati yake yi. Ta ce ciwon ya daɗe, amma wani abu ne ya ƙara tunzura su, kuma ba ta gano shi ba.

Ta tsakiyarsu Lantana, wadda ake wa tsiyar sa ido, ita ke kai masa tuwo. Ta ce, "Likita, wata biyu ke nan Baba da gefe ɗaya yake tauna." Aka duba, ashe haƙori ne ya ruɓe ya tara ruwa. Da aka cire aka yi magani, ruɗewar ta lafa, sai dai abin da aka cinye ba ya dawowa.

Ranar da ya sake kiran azahar daidai, ya dawo gida ya ciro carbin da ya gada wurin mahaifinsa.

"Na wanda ya cece ni ne cikin 'ya'yana," in ji shi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi. "Bayin Allah, ku daga wane gida?"

Carbin na nan a hannunsa. To, a cikin ukun nan, wa ya kamata ya miƙa hannu ya karɓa?