Karayar da Yarima Ya Ɓoye

An ce wani sarki ya yi zamani yana da ɗa guda, sunansa Gidado, ɗan shekara tara. Sarkin nan yana son ɗansa, amma ya ɗauka tarbiyya a bakin dorina take. In yaro ya yi tuntuɓe a karatu, duka. In ya zubar da fura, duka. Kowa ya ba shi baki sai ya ce, "Sarauta nake gyara masa."

Wata rana Gidado ya saci jiki ya hau dokin ubansa. Doki ya kayar da shi, hannun hagu ya karye. Ya mayar da doki turke, ya sa hannu cikin riga, bai gaya wa kowa ba. Sai a kwana na bakwai zazzaɓi ya tona shi, aka tarar hannu ya yi baƙi.

Aka kira wani tsoho maɗori, Jatau. Ya duba, ya fito ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ya wuce ɗori. In ana son ransa, sai an yanke."

Sarki ya ji kamar an soke shi. Ya ce a kamo bayin da ke kula da yaro, a yi wa kowa bulala ɗari.

Jatau ya ce, "Ya sarki, kafin a taɓa su, yanke mini wata shari'a. Yara uku aka kawo mini bana da karaya. Na fari ɗan wani marini ne, ya hau tsamiyar da aka hana shi. Da ya faɗo, wurin ubansa ya ruga, ko da ya san za a yi masa faɗa a hana shi fita wasa. Na biyu maƙwabta suka tsince shi bayan kwana uku, a gidansu ba wanda ya lura ba ya nan. Na uku shi da kansa ya ɓoye ciwon har hannun ya ruɓe. Yaya sarki ya ga iyayensu?"

Sarki ya ce, "Na fari yana da uba. Na biyu maraya ne, ko uban na raye. Na uku kuwa akwai wanda yake tsoro fiye da mutuwa, kuma wannan mutumin shi ya ci hannun."

Jatau ya sunkuyar da kai.

Sarki ya tashi ya shiga wurin ɗansa. Ya miƙa hannu zai taɓa goshinsa ya ji zafin jiki, sai yaro ya takure, ya kare kansa da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ranka ya daɗe, dokin bai ji ciwo ba."

Hannun sarki ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka, sannan ya zauna a ƙasa gefen gado, hawaye na bin gemunsa. Ya aika a saki bayin nan.

Aka yanke hannu, Gidado ya rayu. Sarki bai ƙara dukansa ba, amma an yi shekaru kafin yaron ya iya kallonsa ido da ido.

Da waziri ya tambayi sarki abin da ya gane, sai ya ce, "In horo na adalci ne, mai laifi wurinka zai gudo. In ya gwammace ciwonsa da fuskarka, zalunci ka yi, ko da sunan ƙauna."