Gadar Ƙarfen da Ta Gaji

Akwai wani manomin tumatir a wajen Kadawa, Malam Isiyaku. Tsakanin gonarsa da titi akwai gadar ƙarfe da manoma suka ɗora da kansu a kan kanal ɗin ban-ruwa.

'Yarsa Khaulat injiniyanci take karantawa. Da ta zo hutu ta ga tsaga siririya kamar gashi a gindin walda. Ta auna gadar, ta zana ta a kwamfuta, ta sa kwamfutar ta yi ta ɗora mata kaya tana saukewa. Wurin tsagar ya yi jawur a zanen, alamar haɗari.

"Baba, ƙarfen nan ya gaji. Kamar waya ne, yawan lanƙwasawa ke karya ta."

Hashimu, direban a-kori-kura mai kwasar musu kaya zuwa titi, ya kwashe da dariya. Ya ƙwanƙwasa gadar da dutse, yadda suka saba gwadawa.

"Kin ji ƙararta? Garau! Ƙarfe ya gaji, sai ka ce jaki? To a ba shi dusa mana."

Ranar ɗiba rana ta ƙwalle, tumatir ya fara ruwa a kwando. Noman shekara ke nan gaba ɗaya, ga motar Legas na shirin tashi a titi.

Khaulat ta zauna a bakin gadar tana kuka. "Wallahi Baba, sai dai motar Hashimu ta bi ta kaina."

"Ke 'yar nan, me kike so mu ci bana?" in ji Malam Isiyaku.

"A tsallaka da shi a ka. Gadar za ta ɗauki mutum, ba za ta ɗauki mota ba."

Malam Isiyaku ya dubi kwandunan, ya dubi 'yarsa, ya naɗa gammo. Dattijo da furfura yana kai yana kawowa, ruwan tumatir na bin wuyansa. Rabin tumatir ɗin kawai ya samu motar Legas, sauran ya ruɓe.

Hashimu ya yi tsaki, ya loda kayan wani. Yana tsakiyar gadar aka ji ƙas! An ce har a Bunkure an ga miya tana wucewa a kanal. Da ƙyar aka zaro shi ta taga, ƙafa a karye.

Malam Isiyaku ya sulale ƙasa yana salati. "Da kayana ne, da ina zaune kusa da shi."

Darasi: Abin da ya ɗauke ka jiya bai yi maka alkawarin yau ba, kuma gargaɗi ba ya ƙanƙanta don yaro ne ya kawo shi. Ku tura wa masu taurin kan gidanku, na san kowa yana da ɗaya.