Rijiyar Hambali ta Ƙarƙashin Teku

Akwai wata tambaya da Haulat ta tsinta daga bayan labule, wata ranar Juma'a a gidansu na unguwar Bin Omran a birnin Doha, tana ɗauke da tiren shayi.

"To ita amarya ta san rijiyar ba ta ba da mai ba?"

Sunusi ne mai tambayar, abokin mijinta. Mijin nata, Hambali, ya ce, "Rage murya mana. Ta ina zan fara? Kuma wai ni za a tura in toshe ta da siminti. Ni na haƙa, ni zan binne? Gara in ajiye aikin mu koma gida, khalas, magana ta ƙare."

Haulat ta ja da baya zuwa kicin. Ta ɗan jima, sannan ta fito tana ɗaga murya da sallama.

Hambali injiniya ne. Kamfaninsu a Doha yake, amma rijiyar tana can tsakiyar wani teku mai zurfi ta gefen Afirka, inda sai jirgi mai saukar ungulu ke kai su. Tun da aka kawo masa Haulat ba shi da hira sai ta rijiyar nan: yadda ake zura bututu ya ratsa ruwan da rana ba ta taɓa ganin ƙasansa ba, ya huda dutse ya yi ta tafiya.

Ita karatunta bai yi nisa ba, rabin bayanin wuce ta yake yi. Amma in zafin rana ya kulle ta a ɗaki, takan lumshe ido ta ga abinta. Ga ta tana nitsewa a hankali, mayafinta na shawagi a samanta, shuɗin ruwa na rikiɗewa zuwa baƙi, wasu kifaye masu fitila a goshi na zagaya bututun mijinta. Ba ƙara, ba zafi.

Yanzu kuwa hirar ta ɗauke. Ya ci loma biyu ya ture kwano. Ita ma ba ta tambaya ba.

A wajen wani taron suna a unguwar Abu Hamour, Atine, wadda ba a labari a Doha babu ita, ta tare ta a gaban mata.

"Matar mai rijiya! Yaushe za a fara yi mana rabon fetur a jarka? Na ga Injiniya ya rame, ko dai da magana?"

Maganar ta zo wa Haulat har wuya, don ita ma ta gaji da riƙonta ita kaɗai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Aiki ne, Anti. A dai taya mu addu'a."

"Ke kam ko da cokali aka buɗe bakinki ba a samun komai!" Mata suka kwashe da dariya.

Washegari bayan la'asar ta roƙe shi ya kai ta bakin teku. Suka zauna da kofunan shayin karak mai madara, kwale-kwalen katako na lilo a gabansu.

Ta ce, "Injiniya, na taɓa ba ka labarin rijiyar Baba ta bayan gari?"

Ya girgiza kai. Ya san dai mahaifinta, Malam Lado, haƙar rijiya ce sana'arsa a ƙauyensu na wajen Gumel.

"Ya yi ta haƙa har muryarsa ta daina fitowa sosai daga cikin ramin, ba ruwa. Masu aikin duk suka watse. Shi kuwa ya tsaya yana mayar da ƙasa kwando-kwando, mutane na masa dariya. Na ce Baba ka bar ta mana. Ya ce ramin nan shi ya buɗe shi, in ya tafi ya bar shi, wata rana ɗan wani ko akuyar wani zai faɗa. A duk rijiyoyinsa, ranar na fi ganin girmansa."

Hambali ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Haulat, tawa ma ba ta ba da komai ba."

Muryarsa ta karye. Babban mutum, ga jama'a na wucewa, hawaye na sauka cikin gemunsa. Ta gyara zama ta kare shi da jikinta, ta buɗe mayafinta kamar iska take tarewa.

Da ya samu kansa ya ce, "In ba a toshe ta da kyau ba, wata rana za ta iya yi wa teku ɓarna. Na fi kowa sanin cikinta." Ya yi ɗan murmushi. "Yalla, tashi mu je gida ki haɗa min jaka."

Bai ajiye aikin ba. Daga can tsakiyar teku yakan kira ta, ya yi mata bayani dalla-dalla, har ya ce, "Ke me kika gani?"

Ranar da ya tafi mahaifiyarta ta kira daga gida tana tambayar labari. Haulat ta tuna gemun nan da ya jiƙe. Ta ce, "Lafiya lau, Inna." A ranta ta ƙudurta cewa wannan nata ne, babu wanda zai ji shi daga bakinta.

Darasi: Ba duk abin da kunne ya ji ne baki zai faɗa ba. In naka ya faɗi, ka rufa masa asiri, ka ba shi lokaci ya miƙe da mutuncinsa. Kuma aikin da ka buɗe, ka tsaya ka rufe shi da kyau ko da bai ba ka abin da ka so ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.