Ƙwaryar Mato da Gitar Sufyanu

Akwai wani saurayi a Madawa mai suna Sufyanu. Shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka sa mata suna Samarin Maggiya. Sufyanu ke waƙa da kaɗa gitar, Abdoulkadir na biye masa da gitar ta biyu. Na ukun shi ne Mato, ɗan Tamaske, mai kiɗan ƙwarya.

Ba su da ubangida. Bayan tasha suke gwaji, da tsohuwar lasifika da batirin mota. Amma kiɗansu ba irin na kowa ba ne. Mato ya iya waƙoƙin daka da na noma da ya ji tun yana ƙarami, shi ke kawo amon, Sufyanu ya ɗora gitar a kai.

Kafin a jima ana kiransu biki Bouza, ana kiransu Keita. Direbobin tasha na sa waƙarsu a mota. Har 'yan ci-rani na aiko saƙo cewa in sun saurara sai su ji kamar suna gida.

Sai wani mai studiyo ya kira su Yamai. Da ya saurare su ya ce muryar Sufyanu ta yi, amma ƙwarya ta ƙauye ce, kwamfuta za ta yi kiɗan.

Sufyanu ya amince nan take.

Mato ya ce, "Aboki, tare munka taso hwa. Mi ƙwaryata ta yi maka?"

Sufyanu ya ce, "Zamani ya wuce ta. In kana so ka riƙa ɗaukar muna kaya."

Mato ya ɗauki ƙwaryarsa. Ya koma Tamaske, daga can ya bi 'yan garinsu zuwa Abijan neman aiki. Abdoulkadir ma bai daɗe ba ya koma gida.

Da farko abin ya karɓi Sufyanu. Ya fito a talabijin, ya canza sutura, ya daina ɗaga wayar mutanen gida. Amma sannu a hankali waƙoƙinsa suka zama irin na kowa. A Yamai akwai ɗari irinsa. A can gida, ƙasar Adar kuwa, tsofaffin waƙoƙin ake ta saurare, ba mai neman sababbin.

Wata rana yana cikin taksi, direba ya sa waƙarsu ta farko. Da amon ƙwarya ya shigo, direban ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, waɗanga yara! Ko ina sunka shiga?" Bai san wanda ya ɗauko ba.

Sufyanu ya juya fuska wajen taga, hawaye na zuba.

Ya tattara ya nufi Tamaske. Ya tarar da Mato ya dawo, yana zaune a kasuwa gaban tulin albasa. Ya durƙusa ya ce, "Mato, na yi kuskure. Ka yahe mini, mu koma yadda muke."

Mato ya yi murmushi, ya fito da hannunsa na dama daga cikin riga. Yatsu biyu suka rage. Injin yankan katako ya cinye sauran a Abijan.

Ya ce, "Na yahe maka tun ina kwance asibiti. Amma hannun ga ba ya komawa, aboki."

Yau Sufyanu da Abdoulkadir sun sake haɗewa, suna zaga bukukuwa. Sun gwada makaɗa da yawa, duk sun iya, amma ba kamar Mato ba. Kowace ranar kasuwa Sufyanu kan hau babur ya je Tamaske, ya zauna kusa da abokinsa, yana taya shi zuba wa masu saye albasa a buhu.

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina wanda kuka fara tare. Za ka iya dawowa ka samu gafara, amma ba lallai ka samu abin da ka yar ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tuna da tsohon abokinsa ya kira shi yau.